Hoton Kawu, Fuskar Darekta

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Dokta Jibo ya aiko a kira ni biro ɗinsa, wato ofishinsa, na shiga na tarar da ɗaya daga cikin allunan da na zana kwance a kan teburinsa. Bai ce in zauna ba. Ya ɗauki alƙalami ya ɗora bakin alƙalamin daidai kan tumbin mutumin da ke jikin allon, ya tambaye ni a hankali wane ne wannan. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun tarar da mutumin a bango, ba ku san yadda aka yi ya hau ba. Kafin in gaya muku amsar da na bayar, bari in ɗan koma baya.

A jami'ar da nake aiki, can ƙetaren kogi wajen Lamorde, akwai wani dogon ɗaki da muke kira atelye. Injuna aka tara a ciki, don duk ɗalibin da ya ƙirƙiro wani abu a kansa ya zo ya ƙera shi da hannunsa. Akwai lazer, mai yanka katako da roba da wani siririn haske mai zafi. Akwai wanda ke narka zaren roba yana ɗora shi hawa-hawa a kan wani faranti mai ɗumi, har siffar abin da aka zana a ordinata, wato kwamfuta, ta fito. Akwai zarto mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, da injin huda katako da ƙarfe, da keken surfani da ke bin zane shi kaɗai ba mai taka shi.

Shugaban wurin shi ne Dokta Jibo, Bazabarme, malamin ilimin injuna, wanda muke kira Mushe Darekta, kamar a ce Malam Darekta a Faransance. Mutum ne mai jiki, da ɗan gajeren gemu da furfura ta fara ci. Ba ya rabuwa da babbar riga komai zafin gari, kuma tabaraunsa na karatu kullum yana bisa goshi, sai zai sa hannu a takarda yake sauko da shi. A ƙarƙashinsa akwai Madam Zainabu, mutuniyar Tawa, ita ce shef, wato shugabar sashen injuna. Makullai a hannunta suke, ita ke koya wa kowa kunnawa da kashewa, kuma ba a taɓa inji sai da izininta. Ni kuwa, Rabe, mai zane ne ɗan kwantiragi a sashen yaɗa labarai. Aikina a lokacin bai wuce afish, wato takardun tallan taruka, da katin gayyata ba.

Ranar Asabar ana buɗe atelye ga masu sana'a na cikin gari: teloli, kafintoci, masu walda, masu gyaran salula. Yawancinsu Hausa ko Zabarmanci suke ji, Faransancinsu na gaisuwa ne da ciniki. Dokta Jibo ba ya zuwa ranar Asabar, Madam ce ke riƙe da wurin. Ni na sa aka rubuta sunan kawuna a cikin masu zuwa. Kawu Lawali ƙanen mahaifiyata ne, tela a unguwar Maure, Bagobiri daga wajen Maraɗi da ya daɗe a Yamai, da tsagensa na Gobir a kumatu biyu. Keken surfanin nan ya ɗauke masa hankali tun ranar da ya fara ganinsa.

Wata Asabar a tsakiyar zafi, Kawu ya zo da guntun katako yana so ya huda shi ya kafa ƙusoshi don jera zarensa. Madam na can tana nuna wa wasu lazer, shi kuwa ya ga ai huda katako ba wani abu ba ne. Ya kunna inji, ya sunkuya, hannun babbar rigarsa ya zamo daga kafaɗa ya taɓa ƙarfen da ke juyawa. Nan take inji ya fara naɗe rigar yana jan Kawu. Madam ta tsallake benci ta doki jan maɓallin da ke yanke kuran. Da aka warware shi, ba ko ƙwarzane a jikinsa, amma hannun rigar ya tsage har ƙasa, kuma mai rigar ya yi ɗan lokaci zaune a ƙasa yana salati.

Ranar Litinin Madam ta kai rahoto, Dokta Jibo ya kira taro. Hukuncinsa gajere ne. Ya rufe Asabar ga mutanen gari har sai an yi sabbin allunan gargaɗi da kowa zai gane, kuma shi da kansa zai duba su kafin a sake buɗewa. Aka nemi mai zane, aka tuna da ni. Na karɓi aikin da nauyi biyu a kaina, domin ƴan Asabar sun riga sun gano wanda ya jawo musu rufewar. Kullum sai wani ya biya ta shagon Kawu ya yi masa jajen riga, sannan ya tambaye shi yaushe za a buɗe musu wurin da ya rufe.

Abin da na fara yi shi ne duba allunan da suka zo tare da injunan. A jikin injin huda akwai hoton wani mutum da karabat ɗinsa, ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya, ya maƙale a ƙarfe, da wata mace da dogon gashinta a sake. Na tambayi Kawu ko bai ga hoton ba. Ya ce ya gani sarai, har ya tausaya wa mutumin, amma shi tun da aka haife shi bai taɓa ɗaura karabat ba, don haka ya ɗauka ba da shi ake ba. Gaskiyarsa ce.

Ga yadda ake aikin, ga waɗanda ba su sani ba. Kafin ka zana komai, sai ka tsaya kusa da injin ka ga inda idon mutum ke kallo lokacin da hannunsa ke aiki, domin nan allon zai zauna. Kowane allo magana ɗaya yake ɗauka. Ja na hani ne, kore na abin da ake so a yi. Idan ka gama zanen farko, kada ka buga shi babba. Ka buga shi a takarda ka kai wa mutanen da ba su san komai game da shi ba, ka tambaye su me suka gani, ka kuma rufe bakinka.

Rufe bakin nan ne ya fi ba ni wuya. Na zana tafin hannu cikin jan zobe da layi a kai, ina nufin kada a taɓa. Na kai shi majalisar shayi ta bakin shagon Kawu, wani direba ya ce wannan ai ba a roƙo a nan ne, wani ya ce a'a, ba a musabaha ne. Na zana tabaran kare ido, mai sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, a ƙofar jami'a ta ce ashe an kawo likitan ido, yaushe ake fara layi. Na zana jar tukunyar kashe wuta, kowa ya ce gaz ne na dafa shayi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na farantin injin roba. Na yi masa layuka uku masu tashi sama kamar tururi don a san yana da zafi. Ashe ɗalibai sun daɗe suna ɗumama fari masa, wato fanke, a kan farantin nan idan Madam ta fita, sai suka ɗauka yanzu an ba su izini a rubuce.

Da zane ya ƙi, na koma rubutu. Na jera Faransanci da Hausa da Zabarmanci, kowane da cikakken bayani, allon ya fito kamar shafin jarida. Madam ta dube shi ta ce in riƙe katako da hannu biyu in karanta mata shi daga inda nake tsaye. Ban kai layi na biyu ba ta ce ya isa, a wannan lokacin inji ya gama cin rigata.

A wurin aski na sami hanya. Ina zaune ina jiran layi, ina kallon allon kawunan da aka zana a ƙofa, sai na lura duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalle su, alhali ya san askin da zai yi tun daga gida. Mutane ba sa wuce fuska. Sai na yanke shawarar in yi mutum ɗaya, namu na nan, mai babbar riga da hula, ya bayyana a kowane allo sau biyu. A ɓangaren ja yana aikata kuskure abin yana cin sa, a ɓangaren kore ya yi daidai yana murmushi. Rubutu kuwa layi ɗaya tak a kowane harshe.

Ban sha wahalar neman wanda zan zana ba. Na gaya wa Kawu tunda shi ya rufe wurin, shi zai buɗe shi. Da farko ya ƙi, ya ce ba zai zama abin dariyar ƴan makaranta ba. Da na ce za a kafa hoton a jami'a kowa ya gani, ya shiga ciki ya fito da rigarsa ta sallah. Bayan la'asar nake zuwa shagon, ya riƙe dutsen guga a matsayin inji, ya karkata, ya buɗe baki kamar ana jan sa, maƙwabta na leƙowa suna ba shi shawarar yadda zai ƙara firgita. Roƙonsa ɗaya ne, in rage masa tumbi. Ban rage ba, domin tumbin ne ke sa a gane mutumin daga nesa.

Da na kai wa Madam zanen, ta yaba, amma ta sa yatsa a kumatun mutumin ta ce in cire tsagen. Dalilinta shi ne kada a wayi gari a ce jami'a ta zaɓi ƙabila ɗaya ta mai da ita mai yin wauta a bango. Ni ma ta fuskar aiki na yarda, domin yawan layuka na hana zane fitowa daga nesa. Na goge tsagen. A allon tabaran kare ido kuma, kuskuren da muka fi gani shi ne mutum ya karɓi tabarau ya ɗora a goshi ya ci gaba da aiki, sai na zana shi haka a ɓangaren ja. Ya yi kyau ƙwarai, har na bar masa tabaran a goshi a sauran allunan ma.

Muka buga su manya muka kafa da yammacin wata Laraba. Washegari na zo da wuri don in ga yadda za a karɓe su. Ban taɓa ganin an taru a gaban aikina haka ba. Ɗalibai sun yi cincirindo, suna ɗaukar hoto da salula, suna bin allunan ɗaya bayan ɗaya suna dariya. Na tsaya a baya ina jin daɗi. Sai wani dogon ɗalibi ya tsaya ƙiƙam a gaban allon injin huda, ya rusuna, ya ce, "Bonjur, Mushe Darekta." Ɗakin ya ɗauki dariya. Na juya wajen Madam, na ga ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa. Ta ce ita ma sai da aka buga shi babba ta gani.

Ni har lokacin Kawu nake gani, domin shi na zana. Sai ga Dokta Jibo ya shigo da babbar rigarsa, da gemunsa, da tabarau a goshi, ya tsaya daidai gefen allon yana tambayar me aka taru ake kallo. Na dubi bango, na dube shi. Ɗalibai suka zame ɗaya-ɗaya, shi kuma ya daɗe yana kallon kansa injin huda na jan sa, sannan ya sa aka cire masa allon ya tafi da shi.

To, mun dawo biro. Da ya tambaye ni wane ne wannan, na ce, "Ranka ya daɗe, kawuna ne."

Ya ajiye alƙalamin. Ya ce shekarunsa da yawa yana koyarwa, ya ji ƙarya iri-iri daga bakin ɗalibai, amma wannan ta fi su tsari. Ya tambaye ni ko kawun nawa aron gemunsa ya yi, da tumbinsa, da tabaraunsa. Na yi ta bayani, tsage da Madam da dutsen guga, ina ƙara magana abin yana ƙara kama da ƙarya.

Daga nan ya faɗi abin da ya sa na daina ganin fushinsa a matsayin girman kai. Ya ce shi bai damu a yi masa dariya a gidansa na unguwar Koira Kano ba, ƴaƴansa na yi kullum. Amma ɗakin nan wuri ne da yatsa ke fita cikin ƙiftawar ido, kuma yana bukatar idan ya ce a tsaya, hannun kowa ya tsaya. Idan ya zama abin wasa a bango, wata rana zai ce a tsaya wani ya tsaya yin dariya. Ya ce in har akwai kawun nan a duniya in kawo shi gobe. Idan babu, a sauke allunan duka, Asabar ta ci gaba da zama a rufe, kuma zai rubuta wa shef ɗina.

Washegari na goya Kawu a moto, wato babur, muka ƙetare gada. Ya sa rigar nan da inji ya tsaga, ya ɗinke ta har ba a ganin wurin. Duk hanya yana tambayata ko za a kulle shi. Da muka shiga biro ya yi sallama, Dokta Jibo ya ɗago kai zai amsa, sai ya yi arba da Kawu. Tsayinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, gemu ɗaya. Suka tsaya suna kallon juna, ni ina kallon ƙasa. Dokta ya sauko da tabarau daga goshi, ya matso, ya ga tsagen kumatun Kawu.

"Ashe Bagobiri ne," in ji shi. "Yanzu na gane. Wa zai ba wa inji rigarsa ya ci in ba bawana ba?"

Ga wanda ba ɗan ƙasar nan ba, tsakanin Gobirawa da Zabarmawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kowa na iya faɗa wa ɗayan abin da ya ga dama, kuma ba a fushi. Kawu, da ya shigo a tsorace, ya ji kalmar nan sai ya miƙe ƙirji. Ya ce shi dai an ce masa babban malami zai gani, bai san yaron gidansa ne aka ba kujera ba, kuma tun da ya shigo ba a kawo wa ubangida ruwa ba. Dokta Jibo ya yi dariyar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya aika a kawo ruwan sanyi.

Muka ɗunguma zuwa atelye, Kawu ya ga allunan a bango karo na farko. Bai ce komai game da kyansu ba. Ya juyo ya tambaye ni ina tsagensa, wa ya ba ni izinin goge masa asali. Dokta ya ce madalla, a mayar masa da tsagensa, amma a ɓangaren ja kawai, kowa ya san wanda ke yin wautar. Kawu ya ce a'a, ɓangaren kore za a sa, na ja a bar shi yadda yake tunda ɗalibai sun riga sun gane mai shi. Suka yi ta ja. Can Kawu ya ce idan jami'a ba ta so, a kwance masa su duka ya kai shago ya kafa, ai shi ne a jiki. Sai na ji Dokta Jibo, wanda jiya yake neman a sauke su, yana cewa ba inda za a kai su, tabaran nasa ne.

Madam ce ta raba su. Ta ce ita ba ruwanta da ko wane ne a bango, abin da take so ta sani shi ne ko allunan za su hana hannun riga shiga inji. Ta ba da shawarar a kira ƴan Asabar su zo, kada kowa ya yi musu bayani, a zuba ido. Dokta ya yarda, ya ce shi ma zai zo ya tsaya a baya, daga nan zai yanke hukunci.

Ranar Asabar suka zo, an yi zafi tun da safe. Na tsaya a kusurwa bakina a rufe. Abin ya fara da kyau. Wani kafinta ya dubi allon zarto, ya dubi mutumin kore, ya ɗauki tabarau ya sa a ido. Wani mai walda ya ja abokinsa baya daga farantin injin roba ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Da aka zo injin huda kuwa, inda allon ke nuna a cire babbar riga gaba ɗaya, sai aka yi cirko-cirko. Madam ta tambayi wani dattijo me allon ke cewa, ya faɗa mata daidai. Ta tambaye shi me ya sa bai cire ba, ya yi murmushi ya dubi rufin ɗaki. Wata Hajiya mai ɗinki ta ce ita ta gane ana so a tattare tufafi, amma dogon hijabinta ba ya ɗauruwa a baya, kuma ba za ta cire shi a nan ba.

Dokta Jibo ya ga abin na neman tsayawa, sai ya fito daga baya don ya nuna misali. Ya kama rigarsa ya tuɓe ta ta kai. Sai da ta fita ya tuna saboda zafi bai sa komai a ƙarƙashi ba sai singileti. Bai mayar ba. Ya rungume rigar ya juya yana neman inda zai ajiye ta. Ƙasa garin katako ne, tebur mai ne, benci kaya ne. Ya zagaya ya dawo inda ya fara, riga a hannu, gumi na zuba, ɗakin ya yi tsit kowa na danne dariya.

Kawu ne ya matso. Ya ce ba zai bar bawansa ya tsaya tsirara shi kaɗai a gaban jama'a ba, a ce Gobirawa ba su da tausayi. Ya tuɓe tasa rigar, shi ma singileti ne. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin allon, tumbi biyu, kowa rungume da rigarsa. A nan ba wanda ya iya riƙewa, har Dokta kansa. Ana cikin dariyar nan wani matashin kafinta ya jingina da injin huda, gwiwar hannunsa na neman maɓallin kunnawa. Dokta ya ce, "Tsaya." Bai ɗaga murya ba, amma ɗakin gaba ɗaya ya daskare, har Kawu. Matashin ya janye hannunsa. Dokta ya waiwayo ya dube ni, ni ma na dube shi.

Yana tsaye a singileti ya ba da umarni. Ya ce allunan su zauna, Asabar ta buɗe. A kafa maratayi a ƙarƙashin kowane allon da ke cewa a cire riga, a sa labule a kusurwa don wanda ba ya son tuɓewa a gaban jama'a, a kuma ɗinka rigunan aiki masu tsukakken hannu. Kafintocin suka ɗauki aikin maratayi a ranar. Kawu ya ɗauki ɗinkin rigunan, Hajiya ta fitar da yankan ta mata, mai faɗi da ake sawa bisa hijabi ta tattare shi ciki. Ni kuma aka ce in ƙara wa mutumin kore rigar aiki, in kuma zana mace a wasu allunan. Da zan zana ta sai da na tabbatar ba ta kama da kowa ba, na bi biro-biro ina nunawa ina tambaya ko akwai wanda ya san ta.

Maganar tsage kuwa Madam ta ƙi sa wa kowane ɓangare. Har yau idan Dokta Jibo ya kawo baƙi, yakan nuna na kore ya ce shi ne, na ja wani Bagobiri ne da yake riƙo. Kawu ma idan ya kawo abokan sana'arsa haka yake faɗa, sai dai ya juya sunayen.

Abin da na koya a aikin nan ba a makarantar zane na same shi ba. Na koyi cewa mutum na iya gane allo sarai ya ƙi bin sa, ba don taurin kai ba, sai don an ce ya yi abin da ba a ba shi hanyar yi ba, ko abin da zai zubar masa da mutunci. Dattijon da ya dubi rufin ɗaki ya fi ni sanin abin da allona ke cewa. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo koyon aiki a hannuna, kafin ka aika allo wurin bugawa, ka sa irin tufafin mutanen da za su karanta shi, ka tsaya inda za su tsaya, ka aikata abin da ka rubuta daga farko har ƙarshe. Na kuma koyi cewa mutanenmu na karɓar gargaɗi idan ya zo da ɗan wasa, kuma shugaban da ya bari aka yi dariya da shi bai rasa komai daga kwarjininsa ba. Sai dai idan za ka zana ɗan'uwanka, ka fara kai hoton wurin wanda ba danginku ba ne ya duba, domin kai kawunka kawai za ka gani.